Zuwa Ga Wanda Momentum Ke Wucewa Da Shi Ta Ƙofar Gidanmu

Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake nema in rana ta take tsaka! Ya mai ƙafar barewa da zuciyar ɗan tsako!

Gaisuwa gare ka mai yawan ganyen bishiyar ƙofar gidanmu, wadda ka sani sarai tunda ka saba wuce ta. Na ɗauki alƙalami ne don na lura in na ce sai ka tsaya za mu yi magana, furfura za ta riga ka isowa.

Ka tuna ranar da muka koyi kalmar nan a ajin Turanci na yamma? Ni na taso daga kantin magani, kai ka taso daga shagon buga takardu da tawada a yatsunka. Malama ta rubuta momentum a allo, ta ce shi ne ƙarfin da abu ke tarawa in ya kama tafiya, har tsayar da shi ya yi wuya. Ta ce masu Turanci na faɗinsa ga ƙungiyar ƙwallon da ta fara cin wasa a jere, da cinikin da ya soma haɓaka, da duk aikin da ya ɗauki zafi. Sai ta tura kujerarta mai taya don mu gani da ido, kujerar ta ratsa tsakanin tebura ta zo ta daki gwiwarka. Aji ya fashe da dariya, kai kuwa ka ba kujerar haƙuri. Wallahi a nan na kamu. Namijin da ke ba kujera haƙuri, ina za a sake samun irinsa?

Ashe a ranar kalmar ta shige ka kamar zazzaɓi. Ruwan sama in ya ƙaru, momentum. Injin shagonku in ya daina cinye takarda, momentum. Har tari ka zo da shi kantinmu ka ce ya soma tara momentum, mai kantin ya ce in ba ka maganin tarin, na kalmar kuwa ba mu da shi. Ranar da na cire kunya na tambaye ka ina muka dosa, ka dafe ƙirji ka ce soyayyarmu tana tara momentum. Na koma gida ina murna, don a zatona duk abin da ke tafiya yana da inda za shi.

Sai ka ce za ka zo gaida Baba. Wayyo farin ciki! Na share ƙofar gida kamar zan lashe ta, Baba ya fito bencinsa bayan la'asar, ni ina leƙe ta taga. Ka ɓullo daga kwanar layi cikin riga mai guga, leɓɓanka na motsi kana bitar gaisuwa. Daga wajen famfo ka fara ƙara sauri, wai don ka tara ƙarfin shiga. Ka zo daidai ƙofa, Baba ya ɗago kai, sai ka wuce fuu kamar iskar hadari, ba ka tsaya ba sai shagon kayan wuta na ƙarshen layi, inda ka sayi batir. Da na tambaye ka, ka ce momentum ɗin ne ya yi yawa. Mako ya zagayo, ka sake. Yanzu mai shagon tun daga nesa yake ciro maka batir, har an ce yana roƙon Allah kada ya nuna masa ranar da za ka tsaya. Ya abin ƙaunata, wace irin fitila gare ka da ba ta ƙoshi? An ce tsoro na daji, kunya na gida, kai ka haɗa su biyun ka sa musu rigar Turanci.

To ga abin da ya sa na rubuto. Yaya ta samo mini aiki a ɗakin magani na wani babban asibiti a garin da take aure, motar kuwa ranar Asabar za ta tashi. Jiya Baba ya tambaye ni ko akwai abin da ya riƙe ni a nan. Na sunkuyar da kai na ce akwai wani. Sai ya ce, "Mai saurin nan? 'Yata, ni ban hana shi komai ba. Ƙeyarsa kawai na sani, ki ce ya kawo mini fuskar." Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ni na shige ɗaki na yi kuka. Ina tsokanar ka a takardar nan, amma tsoro nake ji. Ba na son tafiyar, kuma ba zan iya ce wa Baba in zauna saboda ƙeya ba.

Don girman Allah, ya ruwan sanyin zuciyata, ka zo ranar Juma'a. Ka bar momentum a shago, ka kulle shi tare da injin. Ka tako kamar hawainiya. Kada ka haddace komai, sallama ta isa, in ma ta maƙale Baba zai ƙarasa maka. Ko tuntuɓe ka yi ka zube a gaban bencinsa, zai ɗaga ka ya kaɗe maka riga, mu kuma a wurinmu ka zo ke nan. In ka tsaya, a gabanka zan kira Yaya in ba ta haƙuri. In ka wuce, jakata a ɗaure take, kuma layinmu zai zama naka, ka yi ta wucewa babu mai leƙen ka ta taga.

Zan so ka a nan, zan so ka a can, har tekun duniya ya ƙafe, har taurari su gaji da fitowa. Sai dai son da ake yi daga nesa ba ya tambayar mutum ko ya ci abinci.

Taka har abada, ko ka tsaya ko ka wuce.
Amma ka tsaya.