Kada Ku Sa Jatau a Turu

Zuwa ga Maigirma Edita, da malamin da ke rubuta labarin Jatau a jaridarku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku baki ɗaya. Yaya aiki, yaya gajiya? Mu nan ƙasar Batsari sai godiyar Allah, ruwa ya sauka, an shiga shuka.

Sunana Isiyaku, tela ne ni, mutumin Karare. Na koyi boko a ajin manya, kuma da yake masu karatu ba su da yawa a nan, duk ranar kasuwar Batsari ni nake karanta wa jama'a jaridarku a rumfata. Mahauta su bar nama da ƙudaje, Fulani su jingine sanda, a zauna. Kada ku ji haushi, amma ba labarin Gwamna ke tara su ba. Jatau suke jira, sojan nan naku da ya dawo daga yaƙi ba daidai ba, yana hira da mutanen da babu su, ya mari matarsa, ya cinna wa rumbunsa wuta. A fitowar da ta wuce kun nemi masu karatu su faɗi yadda za a ƙare da shi, kun kuma buga wasiƙun da suka riga zuwa. Wani ya ce mahaukaci ba ya da magani sai turu. Wani ya ce ƙarya yake yi, lalaci ne. Ni ma ga tawa, kuma ta fi tasu tsawo, don su labari suke karantawa, ni kuwa a gidanmu abin yake.

Na farko. Ina da wa, sunansa Mamman. Lokacin yaƙin Turawa, da aka zo ɗiban mutane aikin haƙar kuza na tilas, yana cikin waɗanda aka tafi da su. Ya tafi yana mutumin da ke ba da waƙa a gayya, ya dawo ba ya ko amsa amshi. Sau ɗaya tak ya gaya mini abin da ya faru. Rami ya rufta da abokinsa Audu, shi da sauran leburori suka fara tono da hannu, heluma mai kula da aikin ya sa musu bulala ya kora su ramin gaba. Ya ce tun hantsi har la'asar suna jin muryar Audu daga ƙasa, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga nan Mamman ba ya iya ganin rami a buɗe. Ramukan dara na dattawan bakin kasuwa, da sun tashi salla sai su dawo su tarar da fili sumul. Rijiyoyin da Fulani ke tonawa a yashin rafi da rani, ya cike su ba sau ɗaya ba, har na gaji da zuwa ba Arɗo haƙuri. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Rami buɗe kira yake yi." Kuma ba zan ɓoye muku mummunan ba. Wata rana ya tarar da matarsa Hajara cikin ramin ɗiban yumɓu, ya fizgo ta waje, ya buge ta da ƙotar fartanya har hannunta ya karye. Ta koma gidansu a Yasore. Ban ga laifinta ba, ni na raka ta.

Na biyu, laifina ne, kuma gara in faɗa da bakina. In ina karanta labarin nakan sauya murya don mutane su ji daɗi. Da na zo kan Jatau sai na ba shi wata murya ƙasa-ƙasa, mai tsayawa a tsakiyar magana kamar mai sauraron wani abu a nesa. Aka yi ta dariya, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Wallahi ban san inda na samo muryar ba, sai ranar da wani mahauci ya buga cinya ya ce, "Kai, wannan ai Mamman ne!" Daga ranar sunan yayana ya ɓace a kasuwa. Kowa Jatau yake ce masa, har matan da ke sayar da nono. Ni da muka sha nono ɗaya na yi masa wannan, da bakina, don a ce na iya karatu.

Na uku. Abin da masu wasiƙunku ba su sani ba shi ne, duk ƙasar nan babu mai son Jatau kamar Mamman. Ba ya shiga taro. Bayan rumfa yake zama, ya ba mu baya, yana kallon duwatsun da ke yamma da gari. Ranar da Jatau ya yi hira da matattun abokansa kowa ya fashe da dariya, sai muka ji muryarsa daga bayan zana: "Ba hauka ba ne. Su suka fara kira, shi amsawa yake yi." Ranar da Jatau ya mari matarsa kuwa, sai a hanyar gida ya yi magana. Ya ce, "Isiyaku, wannan bai kyauta ba. Ciwo daban, hannu daban." Kwana biyu bayan haka ya taka da ƙafa har Yasore, ya zauna a zauren surukinsa, ya nemi gafarar Hajara. Ba ta dawo ba, kuma ba wanda ya ce ta dawo. Amma ta aiko masa da fura a zauren, ya sha. Abin da dattawa suka yi shekaru suna nema ya yi, mutumin takarda ne ya sa shi.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ajiye ɗinkin mutane na ɗauki alƙalami. Ku can kuna ganin labari ne kawai. A nan duk abin da ya fito da baƙaƙen inji, mutane suna ɗaukarsa kamar takardar alkali. Baffanmu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, ya gaji da ƙorafin Fulani da surutun kasuwa. Ya sa masassaƙi ya sassaƙa gungumen ƙirya, ya huda shi daidai ƙafar mutum, turu ke nan don Mamman, yana nan kwance a zaurensa. Ya yi magana da wani malami can wajen Safana mai tsare masu taɓin hankali. Na roƙe shi har na yi kuka, sai ya ce mini, "To, ɗan boko, mu jira takardarka. In masu ilmin birni suka ga turu ne ya dace da Jatau, mu su wa?" Na taɓa ganin mutum a turu. Ƙafar ta kumbura ta cika ramin, ƙudaje na bi, shi kuwa yana ta gaishe da duk mai wucewa da ladabi.

Da malaminku zai zo Karare da na kai shi gonarmu da safe, bayan ruwa ya kwana. Ƙasa na ƙamshi, hazo na tashi daga gindin duwatsu a hankali, har ba ka sanin inda gona ta ƙare. Ni ke gaba da sungumi ina sara, Mamman na bina a baya da ƙoƙon iri, ya jefa gero, ya rufe da diddige. Duk shekara waɗannan kwanakin ne kaɗai fuskarsa ke sakewa. Ba ya tsallake rami ko ɗaya, ba ya gaggawa, wani lokaci har in ji yana gunjin tsohuwar waƙarsa ta gayya a maƙogwaro. Shekaranjiya da muka kai ƙarshen kuyya ya waiwaya ya ce, "Waɗannan duk wanda na rufe zai fito." Tun daga nan, in ina taka keken ɗinki idona ya lula, sai in ga Jatau ya ɓullo ta hanyar Yasore da tsohuwar rigarsa ta soja, ya yi sallama, ya karɓi ƙoƙo, ya shiga layi bayan Mamman, suna tafe suna rufewa har hazo ya haɗiye su.

Ga roƙona. Ban ce ku wanke Jatau ba. Ya mari matarsa, to ya je ya durƙusa, in ta ƙi dawowa ku bar ta da gaskiyarta. Ban ce ku warkar da shi a shafi ɗaya ba, don za mu gane ƙarya ce. Abin da nake roƙo, kada ku sa shi a turu. Ku ba shi mutum ɗaya da zai tambaye shi abin da ya gani a can, ya zauna ya ji amsar har ƙarshe. Ku ba shi damina ɗaya. Kuma ku buga wasiƙar nan, don in karanta ta a rumfata da muryata ta gaskiya, har inda na faɗi laifina.

Jiya na shiga zauren Baffa gaisuwa, na tarar an cike ramin turun da ɗanyar ƙasa, an daddale da diddige. Na tona da yatsa kaɗan, sai ga ƙwayar gero uku. Ban sani ba ko Mamman ya san na wane ne gungumen, kuma na kasa tambayarsa. Baffa ya gani, ya daɗe yana kallo, ya ce a bar shi haka sai jarida ta zo. Na mayar da ƙasar na yayyafa ruwa. Kafin ranar kasuwa ina jin ya tsiro.

Allah ya ƙara muku basira, ya tsare alƙalaminku daga cutar da wanda ba ku taɓa gani ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na jiki da na zuci, ya jiƙan Audu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Wassalam.

Ni ne mai karanta muku jarida a bakin kasuwa,
Isiyaku Tela, Karare, ƙasar Batsari.