Rasuwar Baba Tela, Wanda Ya Fara Miƙa Cikinsa

Cikin alhini da ɗacin rai, Ƙungiyar Masu Karɓar Allurar Wata take sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar shugabanta, ubanmu, dattijon arziki, Alhaji Baba Tela, wanda Allah Ya yi wa cikawa a gadon asibiti bayan ciwon sukarinsa ya tashi.

Lokacin da masu bincike na wani kamfani suka zo wa masu ciwon sukari irinmu da sabuwar allura, kowa ya ja da baya. Sun ce ruwa ce muddin tana cikin sanyi, amma da ta shiga ƙarƙashin fata sai ɗumin jiki ya daskarar da ita, ta riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan har wata guda, daga baya ta narke. Marigayi ne ya fara ɗage riga ya miƙa cikinsa, yana dariya yana cewa, “Ni da nake huda yadi kullum, yau a huda ni mu gani.” Shi ya bi gida-gida yana lallashin iyayenmu, ya ce ya tsaya wa mutanen nan. Da bakinsa muka yarda. Ya ɗinka mana jakunkuna masu auduga a ciki don ɗaukar ƙanƙara, kuma duk yarinyar da ta ji tsoro, shi yake riƙe mata hannu a bencin ɗakin allura.

Masu binciken sun yi mana alkawari a gabansa cewa ba za a yanke mana magani ba ko bincike ya ƙare. Da suka gama ɗibar jininmu, sai suka kulle ɗakin, aka cire wutar firjin da ake ajiye maganin, ba wanda ya gaya mana. Ranar da aka buɗe, maganin ya daskare a cikin kwalabe, sirinji ba ya iya zuƙo shi. Baba ya yi ta kiran su a waya har ya daina. Ya koma allurar kullum da ido da ba ya ganin awon maganin sosai. Kunyar iyayenmu ta hana shi fita ko bakin shago.

Muna addu'ar Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba maiɗakinsa Hajiya Inna da 'ya'yansa da yaran shagonsa haƙuri da juriya. Inna, wallahi ba wanda ya riƙe shi a zuciya a cikinmu. Shi ma yaudararsa aka yi.

Kamfanin ya kira mu ana tsaka da zaman makoki, yana neman jinin ƙarshe don kammala rahotonsa. Mun zauna, manya da yara, mun yanke shawara: ba wanda zai sake miƙa hannu sai maganinmu ya dawo, cikin sanyi.

Sa hannu:
Auta
Mai magana da yawun Ƙungiyar Masu Karɓar Allurar Wata