Wanda Zai Riƙi Koko Bayana

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Yahya, mahaifin Uwaisu da Salwa da Faruk, na rubuta wannan da hannuna a gidana na East Greensboro, a Amurka. Hankalina garau yake, ba zafin ciwo ko ƙarfin magani ke magana ba. Kada a jira rasuwata. Salwa, ki karanta wa 'yan'uwanki ranar Juma'ar nan.

Na ɗaya. Gida da mota a raba yadda shari'a ta ce. Keken ɗinkin mahaifiyarku na ba Salwa tun ina raye. Bindigar farauta a sayar, babu mai hannunta a cikinku.

Na biyu, maganar Koko, karyata ta farauta. Bayan rasuwar mahaifiyarku, maƙwabcina Mista Purnell ya gaji da ganina a baranda kamar buhun da aka manta, ya ja ni farautar agwagwar ruwa. Da zai koma gidan tsofaffi ya bar min Koko. Irinta ba su da yawa a duniya. A jihar Wisconsin aka samo su, fiye da shekara ɗari da suka wuce, saboda mafarauta masu ƙananan kwalekwale da babban kare zai kifar. Shi ya sa ba ta da girma. Launin ƙasa-ƙasa ce, gashi a murɗe kamar na ɗan rago, kunnuwa har wuya, kuma ruwan sanyi bai dame ta ba. Abin da ya sa na yarda da ita shi ne bakinta: in na harbo agwagwa da sauran rai, haka za ta kawo min ita ba ta huda ko fata ba, in yi bisimilla in yanka. Duk kun ci naman nan, har da masu yatsina fuska.

Aibinta ɗaya ne, mutum ɗaya ta sani. Kwana tara da na yi a asibiti, Faruk yana kai mata abinci tana juya masa ƙeya, har haƙarƙarinta suka fito. Sabo turken wawa, to ni da ita duk wawaye ne. Tsorona ke nan, kuma ina faɗa ba kunya: in na tafi, yunwa za ta kashe ta.

Na uku, Uwaisu. Ranar da ka ce ba za ka ƙara salla a gidan da kare ke kwana ba, ka fi ni gaskiya, don wurinta waje ne, ni na shigo da ita falo saboda kaɗaici. Sai na ce maka ta fi ka sanin darajata. Fushi ne, kuma magana zarar bunu ce. Shekara huɗu kana ajiye min cefane a bakin ƙofa kana juyawa, ina kallonka ta taga, girman kai ya hana ni fitowa. Wannan ya fi ciwon ci min rai. Ka yafe min.

Yanzu ga roƙon da ban cancanta ba: ka riƙe Koko bayana. Benen da Faruk ke haya a Wendover ba a yarda da kare, Salwa kuma ciwon asma gare ta. Kai kaɗai ke da fili a Sedgefield. Ban ce ka sa ta ɗaki ba, 'yar rumfa a bayan gida ta ishe ta. Kada a kai ta wurin ajiye dabbobi, kun san ƙarshen tsohuwar karya mai ƙin abinci a can: kashe ta za a yi.

Sai dai ba za ta ci daga hannunka ba sai ta ga ni na miƙa maka kwanon, yau da gobe, har ta saba. Ba aikin bayan jana'iza ba ne. Na riga na mayar da ita waje, na sa an wanke kafet ɗin falo.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Ku riƙe zumunci, kada wani ya kwana da fushin ɗan'uwansa yadda na kwana shekaru da nawa. Uwaisu, ka zo da wuri. Kwanakina ba su da yawa, ita kuma ba ta saurin sabo.