Kawu ya ce zai zo da tsani ya kwance pannonsa

Inna Sa'a,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Mutum biyu ne suka yi mini alherin da baki ba zai iya faɗa ba, yau ga shi in na faranta wa ɗaya sai na ɓata wa ɗayan.

Ni ce mai kula da ordinata, wato kwamfutar wata ƙungiyar manoman gero da gyaɗa a nan Damagaram. Ta wannan na'ura muke aika wa mambobi saƙo a wayoyinsu, daga Tirmini har Gouna da Gaffati: labarin ruwan sama, farashin kasuwa, ranar raba iri. Su ma kowa yana da lambar sirrinsa da yake shiga da ita. Malam Tahiru, shugaban ƙungiyar, shi ya ba ni aikin. Lokacin da wasu suka ce mace ba za ta iya ba, shi ya tsaya kai da fata. Har gobe in na tuna sai na yi masa addu'a.

Na biyun kuwa Kawu Mai Nasara ne, ƙanin mahaifiyata, tsohon direban babbar mota. Shi ya riƙe ni ya sa ni lekol, makarantar boko, bayan rasuwar babanmu. Kin dai san halin kuran, wato wutar lantarki, a garin nan, ya zo ya tafi ba sallama. Kullum sai na'urar ta mutu, wani lokaci sau biyu kafin azahar. Wata rana Kawu ya biyo buro, wurin aikinmu, ya tarar da ni zaune da mafici ina jiran wuta. Shi dama ba mai yawan magana ba ne sai in an taɓo labarin hanyar Agadas. Ba a yi mako ba sai ga shi da amalanke, ya kwance pannon hasken rana da baturan da ke gidansa ya kawo mana. Shi ya koma kunna cocila. Wallahi ranar sai da na yi kuka.

To Inna, ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Tun da na'urar ta daina mutuwa sai ta ɗauki wani sabon hali. Ta yi kwanaki lafiya, sai ta fara nauyi, sai ta sandare. In na kashe na kunna ta warke, bayan 'yan kwanaki ta koma. Ranar da aka yi ruwan farko ina Mirya wajen suna. Kafin in tafi na shirya saƙon da ke cewa kada a yi gaggawar shuka, akwai tsaikon ruwa a gaba. Ashe saƙon bai fita ba, ya maƙale. Wasu a Gouna suka shuka, irin ya ƙone a ƙasa. Nan da nan magana ta bazu cewa wutar Kawu ce ta lalata na'ura, tunda kafin ita ba a taɓa ganin haka ba. Ni kaina na auna baturan nan har na gaji, lafiyarsu ƙalau.

Daga baya na gano bakin zaren. A cikin manhajarmu akwai wani ɓangare na aro da ke ɗaukar saƙo ya kai ta reso, wato layin sadarwa. Masu sana'ar suna ce masa bibiliyotek, wato ɗakin littattafai, ko da yake babu littafi ko ɗaya a cikinsa. Wasu bayin Allah ne a ƙasashe daban-daban suke rubuta shi kyauta, kuma sun fitar da sanarwa cewa tsohon samfurin, wanda muke da shi, yana da ɓaraka. Yadda zan kwatanta miki, ƙwaƙwalwar na'ura kamar kantar kwanuka ce. Kowane saƙo sai ya ɗauki kwano, in ya gama a maido. Namu ba ya maidowa, har kanta ta ƙare aiki ya tsaya. Duk lokacin da kuran ya ɗauke, kwanukan gaba ɗaya suna komawa wurinsu. Ashe shekarun nan ɗaukewar wutar da nake tsine wa ita ke rufa mana asiri. Abin da ya fi tayar mini da hankali, sanarwar ta ce mugun mutum daga nesa zai iya turo saƙon da aka murɗa da gangan, a miƙo masa kwanon da ba a wanke ba, ya ga ragowar abin wasu, har da lambar sirri. Ban ga alamar an yi mana haka ba, amma ba zan rantse ba.

Na rubuta musu da faransancina, wani daga cikinsu da ban san ko fuskarsa ba ya bi ni daki-daki har na sa sabon samfurin. Yanzu na'ura tana gudu kamar ba ita ba. Allah ya saka masa.

Da murnata na je wurin Malam Tahiru. Ya saurare ni tsaf, sannan ya roƙe ni in bar maganar tsakaninmu. Ya ce da ƙyar aka shawo kan manoma suka yarda da waya, in suka ji kalmar ɓaraka za su watse, ga kaka tana tafe lokacin da ake haɗa amfani a sayar tare. Ya ce tunda an gyara, a bar panno ya ɗauki laifin, ai shi ba ya da kunne. Amma Inna, Kawu yana da kunne. Ya daina zuwa majalisarsu ta bayan la'asar. Jiya ya aiko mini cewa ranar Juma'a in an sauko zai zo da tsani ya kwance kayansa, kada ya ƙara jawo wa talakawa asarar iri. Ni kuma bakina a ɗaure, an ba ni amana. Yaya zan yi?

Taki,
'Yar riƙon direba, Zinder


'Yata,

Na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fara burge ni shi ne ba ki zagi kowa ba. Mai neman hanyar da ba za ta butulce ba ta riga ta yi rabin tafiya.

Ni ban san ordinata ba, amma na san kwanuka, kuma na fahimce ki sarai. Bari in fara da Malam Tahiru. Tsoronsa ba na banza ba ne. Wanda ya sha rana yana bin ƙauyuka kafin a yarda da shi ya san yadda yarda ke da wuyar ginawa, kuma ba aljihunsa yake karewa ba. Sai dai ya yi kuskure a wuri biyu. Lambobin sirrin nan ba nasa ba ne, ba naki ba ne, na masu su ne. In akwai ko da shakkar wani ya leƙa, haƙƙinsu ne su sani su canza. Sannan amanar da za a riƙe ta da zubar da mutuncin wanda bai ji ba bai gani ba, wannan ba ta hau kanki ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da wani ɗan makaranta a Gaffati ya ci karo da sanarwar nan, abin da Malam yake gudu shi zai same shi, har da ƙari.

Kada ki bi ta bayansa. Ki je ki same shi da ladabin da kika saba, ki gaya masa kin yi nazari ba za ki iya ɓoye wa kawunki ba, kuma kin fi so ya ji daga bakinki kafin ki tafi. Ki zo masa da maganar a shirye, gajera: an gano matsala a wani ɓangaren aro, an gyara, ba a ga alamar an taɓa kowa ba, amma rigakafi ya fi magani, kowa ya canza lambarsa. Ki roƙe shi ya zama shi ne mai faɗa a taron wakilan ƙauyuka, ke kina gefe don amsa tambaya. Manomi ya san rumbu yana tsagewa, abin da yake so ya ji shi ne mai tsaro ya gani ya liƙe. Mutanen Gouna kuma a ba su haƙuri da baki, in ƙungiya tana da halin taimaka musu da iri ta yi. In Malam ya ƙi, ki kai maganar gaban kwamiti yana zaune. Ina kyautata zaton ba za a kai can ba, mutumin da ya tsaya miki a gaban jama'a ya san daidai.

Ke kuma ki sa ido kan sanarwar mutanen nan daga yau, kuma ki aika wa wanda ya taimake ki 'yar godiya. Yaba kyauta tukwici.

Kawu kuwa kada ki bari Juma'a ta riske shi da wannan nauyin. Daga wurin Malam ki wuce gidansa. Ki gaya masa ciwon yana nan tun kafin ya zo, duhu ne ya ɓoye shi, fitilarsa ce ta nuna. Da bai kwance pannon nan daga kan ɗakinsa ba, da har yau ƙofar a buɗe take ba wanda ya sani. Ki tabbata an faɗi haka a taron, da sunansa, a gaban waɗanda suka yi ta magana.

Allah ya ba ku damina mai albarka, ya bar zumunci. Ki gaishe mini da Kawu, ki ce Inna Sa'a ta ce ya mai da tsanin inda ya aro shi.

Inna Sa'a