Yana So Ya Ƙara Wa Jif Ƙarfi Kafin In Haihu

Assalamu alaikum, Kawu Behram.

Don Allah ka taimake ni da shawara. Na san filinka na masu mota ne, masu tambayar abin da ke sa lagireto tafasa ko kuloci ƙauri, ban kuma taɓa ganin wasiƙar mace a ciki ba. Amma damuwata ta haɗa mota da gida, kuma a ƙauyenmu duk wanda na gaya wa, kafin la'asar maganar ta zaga ta dawo mini.

Maigidana direba ne. Bari in kira shi Shujaat, ko da yake ba sunansa ke nan ba, haka ma sauran sunayen duk na sauya su. Muna zaune can bayan Deosai, dogon dutsen da ke tsakaninmu da garin Skardu. Jif ɗinsa mai shan fetur ce, silinda shida, mahaifinsa ne ya damƙa masa ita da idonsa ya fara rauni. Da rani yana ɗaukar masu yawon buɗe ido. Sauran lokaci kuwa motar kowa ce: buhunan gari, ɗalibai masu komawa makaranta, marasa lafiya, wani lokaci har gawa. Akwai wata jif ɗin a ƙauyen, amma kwananta a kan duwatsu ba taya ya fi kwananta a hanya.

Bara da kaka, ƙanwarsa Marziya ta dawo gida haihuwar fari. Naƙuda ta yi tsawo, daga baya jini ya ɓalle. Muka kwantar da ita a kujerar baya, ni na riƙe kanta a cinyata, Inna mahaifiyarsu tana gefen ƙafafunta. Ƙanƙara ta riga ta fara zuba a saman dutsen. Kawu, ka san yadda mota ke yi in ta hau can, sai ka ce tsoho mai asma. Shujaat ya taka totur har ƙasa, ita kuwa tana rarrafe a giya ɗaya. Ina jin sa yana roƙon ta kamar mutum, yana cewa, "Haba 'yar albarka, yau kaɗai, yau kaɗai." Mun isa asibitin Skardu kafin magariba. Marziya ta rayu. Jaririn, namiji ne, bai zo da rai ba.

Tun daga ranar maigidana bai koma daidai ba. Bai yi kuka a gabana ba, ko sunan ranar ba ya kamawa. Sai ya koma zancen wani abu wai shi sufacaja. Yadda ya yi mini bayani, na'ura ce da ake ɗaurawa a kan inji, bel yana juya ta, tana ɗura wa injin iska da ƙarfi, don a can sama iskar ba ta isar sa. Ya ce da tana jikin motar a ranar, da mun tsallake dutsen tun kafin la'asar. In ya zauna shan shayi, wayarsa na hannu yana kallon yadda ake ɗaura ta, har shayin ya huce, man shanun da muke sa masa ya daskare a sama.

Yanzu biyu ne a gabansa. Wani dillali a birnin Rawalpindi yana da ta hannu, wai an ciro ta daga motar da ta yi hatsari a ƙasar waje, ya turo masa hotonta tana ƙyalli, ya ce in bai yi sauri ba wani zai ɗauka. Ɗayar sabuwa ce, an ƙera ta don irin injinmu, da duk tarkacenta, amma sai mun rabu da shanunmu biyu na tatsa kafin mu iya sayen ta. Bakaniken da zai ɗaura, abokinsa ne a Skardu, mutumin kirki ne, hannunsa yana da kyau, amma da bakinsa ya ce bai taɓa ɗaura ko ɗaya ba.

Baba, surukina, ya ce sam. Rannan a kan abinci ya ce masa, "Wannan motar ta girmi aurenka. Ka ɗauki tsohuwa ka hura mata iska a hanci ka ce ta yi tsere? To ni ma a sayo mini ɗaya a ɗaura, in ga ko zan koma hawan dutse." Kowa ya yi dariya ban da Shujaat. Ya ajiye gurasar da ke hannunsa ya ce, "Baba, kai ba ka cikin motar ranar." Baba ya ce, "In ka kashe ta, wa zai kai na gaba?" Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Ni ce mai kai saƙo tsakaninsu, a gida ɗaya.

Ga abin da ban iya faɗa wa kowa ba. Ni ina ganin ba motar ce ta makarar da mu ba. Tun da sassafe na ga yanayin Marziya ya sauya, na ce wa Inna a kira Shujaat mu tafi. Ta ce haihuwar fari haka take, ita ta haifi nata duka a ɗakin nan, a ƙara haƙuri. Unguwarzoma ma ta goyi bayanta. Sai bayan azahar aka aika masa gona. Shi bai san wannan ba, yana zaton da abin ya fara aka kira shi. In na gaya masa, na ɗauke kayan daga kan mota na ɗora wa mahaifiyarsa, matar da har yau in ta ga jaririn wani sai ta tashi ta shiga ɗaki. Ba mugunta ta yi ba, abin da ta sani ta yi. In kuma na yi shiru, zai sayar da shanun, ya buɗe injin da duk ƙauye ke dogaro da shi.

Abin da ya sa yake gaggawa kuma, ina da ciki. Lissafin ma'aikaciyar lafiya ya nuna zan haihu daidai lokacin da ƙanƙara ke fara rufe hanya. Ya ce mini, "Ba zan sake roƙon mota ba, ke kina baya." Wani lokaci sai in ce a bar shi ya saya, ko zai samu barci. Wani lokaci kuma in tuna yaranmu biyu da madarar da suke sha, in tuna maganar Baba.

Kawu, wannan na'urar tana yin abin da yake faɗa? Wacce ya kamata ya ɗauka, in ma ya kamata? Ni kuma in yi magana ko in haɗiye?

Taka,
Matar direba daga bayan Deosai

*

Wa alaikumus salam, 'yata.

Allah ya ba Marziya haƙuri, ya sa yaron ya zama mai ceto. Ke kuma kin kyauta da kika rubuto.

Bari in fara da ƙarfe, don ya fi sauƙi. Maigidanki bai yi ƙarya ba. A tsayin Deosai inji yana rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, ko fiye, saboda ƙarancin iska, kuma sufacaja tana maido da mafi yawan abin da ya ɓace. Na tuƙa jif mai ita a irin wannan hawan, bambancin a fili yake. Ba shirme yake nema ba, kada kowa ya mai da shi abin dariya.

Surukinki ma bai yi ƙarya ba. Ƙarin iska na nufin ƙarin wuta a cikin inji, ƙarin wuta kuma ƙarin zafi da matsi ne a kan fistin, da gaskit, da kuloci. Injin da ya tsufa yana iya ɗaukar shekaru yana lallaɓawa, a ɗaura masa wannan ya mutu a kaka ɗaya. Sannan tana son fetur mai kyau. Man jarka da ake saya a bakin hanya, wanda ba a san da me aka gauraya shi ba, shi ne babban makashin irin wannan injin, kuma ina zaton shi kuka fi samu a wajenku. Ƙarfin inji kuma ba ya hana taya sulɓi a ƙanƙara. Wannan aikin sarƙar da ake ɗaura wa taya ne, da taya mai kyau.

Ta Rawalpindi, a bar wa dillali kayarsa. Abin da aka ciro daga motar hatsari, ba a san cikinsa ba, ba a san ko bakinsa ya dace da injinku ba, mai shi kuma yana cewa a yi sauri. In ta farfashe, gutsattsarinta cikin inji za su faɗa. In za a saya, sabuwar da aka yi don injin ita ce, tare da abin sanyaya iskarta, da nozul da famfon mai da suka dace, da wanda ya iya saita kwamfutar injin bayan an ɗaura. Wannan saitin shi ne rabin aikin. Abokinsa na Skardu ya tsaya a gefen wanda ya taɓa yi ya koya, don gobe shi zai riƙa duba ta, amma kada motar da ke kai marasa lafiya ta zama wurin gwajinsa na farko.

Kafin duk wannan, a auna matsin kowace silinda. Aiki ne na yini ɗaya, ba shi da tsada. In awon ya nuna injin ya gaji, magana ta ƙare, gyara yake so ba ƙari ba. A wanke lagireto, a sauya fulogi da matacin iska, a duba birki, don mai saurin hawa sai ya sauko. In ya sa mata manyan tayoyin nan da masu yawon buɗe ido ke so, ya mayar da na asali, zai sha mamakin ƙarfin da zai dawo. Ki ba shi shawara ya tafi wajen awon da Baba. Idon tsohon ne ya yi rauni, kunnensa na nan, kuma ya san muryar injin nan tun kafin ɗansa ya iya riƙe sitiyari. Maza biyu da suka kasa magana a kan tabarma sukan iya yin ta a gaban buɗaɗɗen bonet.

Amma ko awon ya yi kyau, ba bana ba. Motar da aka yi wa irin wannan aikin tana buƙatar watanni ana gwada ta a hanya, ana gano inda take yoyo, inda bel ke kuka. Wannan aikin bazara ne. A buɗe inji ana saura 'yan watanni ki haihu, wannan ƙara haɗari ne. Shanun kuma su zauna. In rani ya yi albarka ya tara daga aikin motar, ya saya da kuɗinta.

Yanzu ke. Kada ki haihu a bayan dutsen nan. Ki sauka Skardu da wuri, wata guda kafin lokaci ko fiye, tun hanya tana bushe, ki zauna wajen dangi ko ku kama ɗaki kusa da asibiti. Ki je awo a can. Wannan shi ne abin da zai ba maigidanki abin da yake nema, kuma babu injin da ya kai shi sauri. Ki faɗa masa haka kai tsaye: kina so ya kai ki da rana tsaka, kina zaune a gaba kuna hira.

Maganar da kika riƙe kuma, na juya ta sosai. Ba na ganin daidai ne a bar mutum yana ɗauke da abin da ba nasa ba. Ba na kuma ganin daga bakinki ya kamata ya fara ji, don zai zama ƙarar uwa wajen ɗa, kuma ke za ki zauna da su duka bayan nan. Ki sami Inna ku biyu, ba da zargi ba. Ki gaya mata ɗanta yana ganin shi da motarsa ne suka yi sanadi, har yana shirin sayar da shanu a kan haka. Ina kyautata zaton ba ta sani ba, kowa a gidan yana ɓoye nasa ciwon ne don kada ya taɓa na wani. Uwa in ta ji haka, da wuya ta bar shi a ciki. In ta kasa, ki gaya masa da kanki, a taƙaice, cewa an daɗe ana jira kafin a kira shi, kamar yadda aka saba yi a ƙauye, ba tare da kin kama sunan kowa ba. Ku kuma tuna, ke da shi, babu wanda ya san ko fita da safe ma da ta ceci yaron. Likitar da ta karɓi Marziya ce kaɗai za ta iya cewa wani abu a kai, kuma in kun sauka kuna iya tambayar ta.

Abu na ƙarshe, ki roƙi Inna ta raka ki Skardu ta zauna da ke har ki haihu. Za ta ce wa zai kula da gida, za ta kawo dalilai. Ki nace. Matar nan tana buƙatar ta karɓi jika mai kuka a hannunta, kuma ke ce za ki iya ba ta wannan.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya kiyaye shi a kan hanya.

Kawu Behram