Sai a Tayi na Uku

Mamata,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Ya zafin Zamora? Mu nan Connemara ta ƙasar Ireland ruwan sama ake sha kamar kullum.

Kada ki damu, ba a kore ni daga aiki ba, amma an kusa. Nuala, tsohuwar da nake jinya, ta yi ta ramewa a hannuna. In na kawo abinci ta ce, "A'a 'yar nan, kada ki wahalar da kanki," sai in ɗauke kwanon. Har ɗanta ya fara yi min wani irin kallo.

Ornella, 'yar Italiya mai suyar kifi, ita ta cece ni. Ta ce, "Ke sakarya! Mutanen nan sai a tayi na uku suke karɓa. Da yunwa za ki kashe ta!"

Na gwada, Nuala ta cinye dankalin tas. Yanzu "cara" take kirana, wato ƙawa a harshensu. Ornella ta ce a harshen Italiya kalmar na nufin abar ƙauna, na ce mu kuwa a Sifaniyanci fuska ce.

A aiko min da man zaitun. Kuma Mama, in kin kira na ce lafiyata ƙalau, ki sake tambayata.

Allah ya bar min ke.

'Yarki,
Amparo