Shafi na Arba'in

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da ƴarmu. Rahoton makarantarku ya iso teburina a Ofishin Tace Littattafai. An umarci kowane malami ya yanke shafi na arba'in daga littafin tarihi da reza, ya dawo mana da shi. Kin yanke, kin dawo da na littattafai talatin da biyu cif. Amma an ce sai da kika sa yaran suka haddace shi tukuna. Wane irin taurin kai ne wannan?

Ga takardar nadama nan. Ki sa hannu kafin Litinin, in ba haka ba za a kai ƴar taki Gidan Gyaran Tarbiyya.

Yayanki.

*

Yaya,

Muna gaishe ka, kai da teburinka. Ka ma karanta shafin kuwa? Labarin ranar da aka harbe ma'aikatan masaƙa ne. Baba na cikinsu. Kai ka ɗauko gawarsa a baro, ina biye da kai da takalminsa ƙafa ɗaya. Yanzu ni zan rubuta cewa ba a yi ba? Wallahi ka ba ni kunya. Takardarka na goge gilashin fitila da ita.

Ka huta lafiya, in kana iyawa.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Na je Gidan Gyaran Tarbiyya na ga yarinyar ranar Juma'a. An aske mata kai, amma tana cin abinci. Wata uku ke nan, ta daina tambayar yaushe za ki zo. Baba ya riga ya tafi, ita kuwa shekararta takwas kacal. Ga wata takardar. Don Allah, ƙanwata.

Naki, Yaya.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na sa hannu, an dawo mini da ita. Ta yi ƙiba, tana gaishe ni a tsaye kamar soja.

Ɗazu ta same ni ina karanta tsohon littafin Baba. Ta karɓa, ta juya bayansa, ta ce, "Umma, wannan ba shi da hatimin Ofis." Na ce babu. Ta sa rigar makaranta ta fita. Yau Asabar ce.

In rahotonta a kaina ya iso teburinka, ka duba rubutun. Ni na koya mata.

Sai wata rana.

Auta.